Ƙasar Bakin Ƙofar Inna

A gidanmu ba a zubar da gashi a shara. In Inna ta gama yi min kitso, sai ta tsince duk abin da ya maƙale a mataji, ta dunƙule shi, ta cusa a tsagar katanga inda ita kaɗai ta sani. Farce kuwa binne shi take yi. In muka yi baƙon da hankalinta bai kwanta da shi ba, yana fita za ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida, ba don datti ba, don kada a ce sawun wani daga cikinmu ya kwana a fili.

Inna kakata ce, mahaifiyar babana, kuma ita ta ɗauke ni tun da aka yaye ni. A ruga ta tashi, a bayan shanu. Sai da girma ya zo, shanun suka ragu, sannan ta yarda ta zauna a wata unguwa a gefen Dutse, tana sayar da nono da man shanu. Tunda take ba ta taɓa riƙe fartanya ba, kuma ba ta ɓoye cewa noma a wurinta aikin wasu ne. Ni ma na gaji halinta tsaf. Tun ina ƙarama, in aka ba ni alewa sai na juya ta na duba kafin na sa a baki.

Ina aji huɗu a firamare a shekarun farko bayan an ba mu jiha. Lokacin garin ya cika da baƙi. Wasu mutane sukan zo da wani ƙarfe mai ƙafa uku, su kafa a gonar mutum, su leƙa, su haƙa ƙasa su zuba a leda su tafi. Ba a daɗewa sai ka ji an ce gonar ta zama ta gwamnati. Saboda haka duk wanda aka ga yana sha'awar ƙasar mutane, ba a yi masa kallon arziki.

A cikin baƙin nan aka kawo mana sabuwar malama. Daga Kano ta biyo mijinta da aka yi wa canjin wurin aiki. Siririya ce mai tabarau, ba ta duka, ba ta tsawa, kuma wannan kansa ya sa na fara zarginta. Malamin da ba ya duka, me yake nema a wurinmu?

Kafin zuwanta, karatunmu bai wuce malam ya faɗa mu maimaita ba. Ita kuwa sai ta fita da mu bakin kududdufi muka ɗebo laka, muka zauna a inuwa muna gina shanu da tukwane. Saniyata ta fi ta kowa, domin ni na san yadda ƙaho yake lanƙwasa, na san inda tozo yake zama. Wata rana ta sa muka tsinko ganye iri-iri, muka shafa musu shuɗin wanki muka danna a takarda, jijiyoyin ganyen suka fito raɗau. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin abin. Shi ne karo na farko da na riƙa tashi da safe ina ɗokin makaranta.

A kusurwar aji ta ajiye wani tsohon tebur, ta ce duk wanda ya tsinci abin mamaki a daji ya kawo. Kafin wata ya ƙare teburin ya cika: sheƙar tsuntsu, saɓar maciji, ƙayar beguwa, gashin zabo, gidan zanzaro, har da ƙoƙon kan wani ɓera. Da na lissafa wa Inna kayan nan ina murna, sai ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Wannan ai shimfiɗar boka ce," in ji ta. "Me ya rage, ƙahon bunsuru?"

Ranar da na dawo da tafin hannu shuɗi kuwa, abin ya fi haka. Malama ta sa kowa ya tsoma hannu a shuɗi ya danna a takarda, ta rubuta sunansa a ƙasa, ta manna a bango. Inna ta dirje min hannu da toka da lemon tsami har sai da ya yi ja.

"Takardar tana ina?"

"Tana bangon aji, Inna."

"Da sunanki?"

"Da sunana."

Ta saki hannuna. Sannan ta ce in matar nan ta ƙara neman wani abu na jikina ko na gidanmu, na gama boko, sai in ɗauki ƙwarya in riƙa bin ta tallan nono. Baffa, wato babana, shi ya sa ni a makarantar, amma dillalin shanu ne, yau yana wannan kasuwa gobe yana waccan, kuma ko yana gida ba ya tsallake maganar mahaifiyarsa. Na san in Inna ta ce an gama, an gama.

Ana dab da faɗuwar damina sai ga abin da ake gudu. Malama ta ce kowa ya nemo gwangwanin madara, ya huda gindinsa da ƙusa, ya ciko shi da ƙasar gidansu ko ta gonarsu. Za mu shuka wake, mu ga bambancin yashi da taɓo da ƙasar fadama. Da fenti za ta rubuta sunan kowa a jikin gwangwaninsa.

Ba gidanmu kaɗai maganar ta tayar wa hankali ba. Maza a dandali suka ce wata dabara ce ta gano gonakin da suka fi kyau. Amma yawanci surutu suka yi suka bari, yara suka ɗebi ƙasa suka tafi. Ni kuwa na sha kuka kafin na iya buɗe baki na gaya wa Inna, domin na san abin da za ta ce. Ƙasar gida, da sawunmu a kai, da sunana a jiki, a hannun baƙuwa mai tara saɓar maciji.

Abin mamaki, ba ta hana nan take ba. Baffa yana gida ranar, ya yi ta lallashinta, ya ce a bar yarinya ta ƙarasa zangon nan. Washegari da na tashi na tarar da gwangwanin a cike, an rufe bakinsa da tsumma an ɗaure. Ta ce kada in buɗe sai a makaranta. Na ɗauka na tafi ina tsalle.

Muka jera gwangwanayen a kan taga, kowa ya tura ƙwayar wake da ɗan yatsa, muka zuba ruwa. Kafin mako ya zagayo sai ga su suna leƙowa. Wani ya fito da ɓawon a kansa kamar hula, wani ya lanƙwashe wuya. Masu yashi suka riga fitowa, masu taɓo suka biyo baya. Aji ya kaure da ihu kowace safiya. Nawa kuwa shiru.

Malama ta ce in yi haƙuri, wataƙila irin ne ba shi da kyau. Ta tono shi, muka gan shi ya yamutse ya yi baƙi. Ta ba ni wata ƙwayar, mai ƙiba, ta zaɓo da kanta. Na shuka. Ita ma shiru.

Da na gaya wa Inna, ko mamaki ba ta yi ba.

"Na faɗa," in ji ta. "Yara cike da aji, sai naki kaɗai? An yi wani abu a kan sunanki. Wannan zangon ne na ƙarshe."

Daga nan na daina yarda da kowa a ajin. Na fara da yarinyar da muke zama benci ɗaya, 'yar manoma, wadda tun ranar shanun laka take min kallon banza saboda tata saniyar ta fi kama da kare. Waken gwangwaninta ya fi na kowa tsawo, kuma kullum sai ta auna shi da tsinke a gabana. Na zargi monita, domin shi ke zuba ruwa in an tashi. Na zargi maigadi. A ƙarshe na dawo kan Malama. In tana rubutu a allo ina kallon hannunta, in ta yi min murmushi sai in sunkuyar da kai. Me ya sa ita ta zaɓo min irin da kanta? Me ya sa take daɗewa a aji bayan kowa ya tafi?

Na yi dabarar da na koya a wurin Inna. In za a tashi, sai in ɗora siririn tsinken ciyawa a bakin gwangwanin, a karkace, yadda duk wanda ya taɓa sai ya motsa. Da safe in riga kowa zuwa in duba. Kullum tsinken yana nan yadda na bar shi. Wannan ya fi komai tsorata ni, domin in ba mutum ne yake taɓawa ba, to mene ne?

Yara kuma ba su da kara. Aka fara cewa hannuna ne yake ƙona iri. In na nufi taga sai kowa ya ruga ya rungume gwangwaninsa. Maganar ta fita daga makaranta ta shiga unguwa. Da ruwan shuka ya sauka, yara muka bi maƙwabtanmu gona kamar yadda muka saba, maza suna sara da sungumi, mu muna bin baya muna zuba iri muna rufewa da ƙafa. Ina miƙa hannu zan ɗebi gero, sai matar gidan ta janye ƙwaryar.

"A'a, 'yar Fulani, koma gida. Bana ba mu da irin da za mu yi asara."

Da dariya ta faɗa, amma ba ta miƙo ƙwaryar ba. Na koma gida ina haɗiye kuka. Kafin in isa, maganar ta riga ni isa kunnen Inna. Ranar ba ta fita talla ba. Ta zauna a bakin ƙofarta tana ta cewa an cuci jikarta, an ɓata mata suna tun ba ta kai ko'ina ba, kuma Allah ya isa tsakaninta da mai tabarau.

Sai aka yi hutun wasu 'yan kwanaki, ba wanda ya zuba ruwa. Da muka dawo, ƙasar kowane gwangwani ta bushe. Tawa kuwa ta yi wani fari furu-furu a sama, har bakin gwangwanin ya fara tsatsa fiye da na kowa. Malama ta ɗauke shi ta kai wajen haske, ta cire tabarau ta duba. Sai ta dangwala ɗan yatsa ta kai bakinta.

Ga shi nan a gaban kowa, tana cin ƙasar gidanmu.

Ta tofar ta taga, ta goge baki.

"Gishiri ne," in ji ta. "Har da kanwa. Kuma ba kaɗan ba. Ko dabino aka shuka a nan ba zai fito ba."

Ban tsaya jin sauran ba. Na juya na cafki ɗankwalin yarinyar da muke benci ɗaya, ina cewa dama na sani, ita ce, muguwa mai baƙin ciki. Muka kaure da kokawa har benci ya kife. Malama ta raba mu, ta riƙe ni a kafaɗa har na daina haki. Ta zazzage gwangwanin a kan takarda ta nuna min: gishirin ba a sama kaɗai yake ba, har ƙasa yake, an cuɗa shi sosai.

"Wa ya ɗebo miki ƙasar?"

"Inna."

"To, ki je ki tambayi Inna. A hankali, ban da rashin kunya."

Raina ya ƙara ɓaci. Ta gama abin da za ta yi, yanzu kuma za ta ɗora wa tsohuwa? Na koma gida da gudu don in kai ƙararta. Na tarar da Inna tana kaɗa nono. Na zayyana mata komai, har da cin ƙasar, har da sharrin da aka yi mata. Ina magana sai na ga hannunta ya tsaya.

"Gishiri yana hana tsiro?" ta tambaya.

"Haka ta ce."

"Gishirin da shanu ke lasa su yi ƙiba? Da kanwar da muke ba su su yi sheƙi?"

Na tsaya ina kallonta. Ita kuma tana kallon nonon.

Ba ta yi wani ɓoye-ɓoye ba. Ta ce ita ta zuba, cike da tafin hannu, ta yi addu'a a kai, don ya karya duk abin da za a ƙulla da sawuna. A saninta gishiri abin alheri ne, ba ta taɓa jin ya kashe komai ba. Ranar na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ita ta ƙona min wake, ita ta sa ake guduna, ita ta sa aka kore ni daga gona. Na ji haushinta har cikin raina, kuma na ji kunyar yarinyar da na yaga wa ɗankwali.

Inna ba ta ba ni haƙuri ba. Ba halinta ba ne.

"Mai tabarau ce ta faɗa," in ji ta. "Ba mu gani ba tukuna."

Amma ba ta ƙarasa kaɗa nonon ba, kuma da yamma na ji tana tambayar wani tsoho da ya zo sayen mai ko gaskiya ne ƙasa mai kanwa ba ta yin amfani. Ya ce ai kowa ya san wannan. Ta ce ita ba kowa ba ce.

Da safe ta hana ni fitowa daga ɗaki. Ta ƙofa nake leƙenta. Ta share bakin ƙofar da ƙarfi har sai da ta kwashe saman ƙasar gaba ɗaya. Sannan ta cire takalmi, ta shiga taka wurin, ta je ta dawo, ta je ta dawo, ita kaɗai. Da ta gamsu, ta durƙusa ta haƙa da wuƙa ta cika sabon gwangwani. Na ce me ya sa ba za ta ɗebo a bakin hanya ba, inda ba na kowa ba ne. Ta ce hanya cike take da sawun 'ya'yan mutane, ba za ta miƙa su ba, kuma duk wanda ya ga tsohuwa tana kwasar ƙasa a hanya ya san sunan da zai kira ta.

"Wannan sawuna ne kaɗai a kai," in ji ta. "In ma akwai wani abu, ya san inda zai nufa."

Ta ɗora ƙwaryar nono a ka, ta riƙe gwangwanin a hannu, ta sa ni a gaba har makaranta. Ba ta taɓa taka wurin ba sai ranar. Malama na ganinta ta fito ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Inna. Ina kwana?"

"Lafiya. Ke ce mai tara ƙasar mutane?"

"Ni ce, Inna."

Inna ta leƙa ajin. Idonta ya sauka kan teburin nan, ya daɗe a kan saɓar macijin, sannan ya koma bango inda tafukan hannunmu suke jere.

"In kun gama, ina kike kai ƙasar?"

"Bayan aji muke zubarwa."

"Wannan ba za a zubar ba. Ni za a mayar wa, ko ƙwaya kada ta ragu. Kuma ba za ki rubuta suna a jiki ba."

"To, yaya za ta gane nata, Inna?"

Inna ta zaro wuƙarta ta yi wa bakin gwangwanin tsaga biyu, irin alamar da ake yi wa kunnen shanun gidanmu. Ta kuma ce irin ma ba za a karɓa daga hannun Malama ba. Ta kwance bakin zaninta, sai ga ƙwayoyin wake da ta sayo da kanta. Malama ba ta yi musu ba ko sau ɗaya. Abu guda ta roƙa, ta ce a bar yarinyar ta shuka da hannunta, a gaban kowa. Inna ta dube ta sama da ƙasa.

"Abin da ya kawo ni ke nan," in ji ta.

Na tura ƙwayar da ɗan yatsa. Ɗan matar da ta kore ni daga gona yana ajin, kuma na lura Inna ta tabbatar yana kallo. Da za ta tafi, ta nemi takardar tafin hannuna. Malama ta ɓanɓaro ta daga bango ta miƙa mata da hannu biyu.

Tun daga ranar hanyar tallan Inna ta koma ta bayan ajinmu. Kowace safiya sai mu ga inuwar ƙwarya a taga. Ba ta gaisuwa mai tsawo. Ta duba gwangwanin, ta duba tsagar, ta shinshina ƙasar, ta wuce. Malama ta fara sayen nono a wurinta, Inna tana auna mata daidai, ba gyara. Ni kuma na kai wa yarinyar bencinmu saniyar lakata. Ta karɓa, amma ta daɗe ba ta yi min magana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Safiyar da waken ya leƙo, ni na fara gani. Wani ɗan kore ne lanƙwashe, bai kai tsawon farce ba. Na yi ihun da sai da malamin aji biyar ya leƙo. Yaran da suke guduna suka taru a kaina suna ture juna. Da Inna ta iso na nuna mata, ina jiran ta yi dariya. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo.

"To, ya fito," in ji ta. "Saura mu ga abin da zai haifa."

Maganar makaranta kuwa ta ce tana nan, ba ta janye ba, sai waken ya nuna halinsa.

Da aka yi hutun ƙarshen shekara, ita ta zo ta ɗauki gwangwanin da kanta. Ta mayar da ƙasar cikin ramin da ta haƙa, da waken a jiki, har da kankare abin da ya manne a gindin gwangwanin. Ta kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Matar da ba ta taɓa shuka komai ba, sai ga ta tana raɓawa ta gefe in za ta shiga ɗakinta, don kada ta taka yaɗon wake. Ya yi fure, ya yi 'ya'ya, suka bushe ana saura kaɗan a koma makaranta. Duka abin bai cika tafin hannu ba.

Na ɗauka tare za mu ci. Ai ni na shuka. Amma ta dafa shi a 'yar tukunya, ba gishiri, ta zauna a bakin ƙofa ta cinye tas ina tsaye ina kallo. Ko ƙwaya ba ta rage min ba. Sannan ta yi alwala, ta shimfiɗa tabarma ta zauna da carbi, ba ta fita ko'ina ba har rana ta faɗi. Na yini ina fushi da ita, ina ce mata marowaciya a ƙasan maƙoshi.

Washegari ta tashi garau. Ta wanke min kayan makaranta ta shanya, na gane maganar cire ni daga boko ta wuce. Na ƙarasa firamare, na wuce gaba. Har ta koma ga Allah, in aka ambaci malamar sai ta ce ita dai ba ta gama gane matar nan ba.

Sai bayan rasuwarta Baffa ya gaya min abin da ban ji ba a ranar, saboda fushi ya toshe min kunne. Kafin ta sa lomar farko a baki, ta kira shi ɗaki ta nuna masa inda ta ajiye likkafaninta.